Ciwon Da Ya Tafi Cikin Azumi Ya Dawo Bayan Salla

Jarka biyu na ga autanmu ya sauko da su daga kurar mai ruwa, kowacce lita 25, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya shigo da su tsakar gida ko nishi bai yi ba. Ba a yi rabin awa ba muka shiga mota zai kai ni unguwa. Ya miƙa hannun dama zai jawo bel ta saman kafaɗarsa ta hagu, sai na ji ya ja iska ta haƙori, ya saki bel ɗin ya dafe kafaɗa, ya yi tsit har zafin ya lafa.

Na ce, "Auta, ba hannun nan ne ya ɗauki jarka yanzu-yanzu ba?"

Ya ce, "Shi ne fa, Yaya. Ni ma abin ya ɗaure min kai."

A watan Nuwamba na 2022 aka yi haka, sanyi ya fara leƙowa Kano. Shekarunsa 24 a lokacin, sana'arsa gyaran waya, wato aikin zaune ne, ba dako yake yi ba balle a ce kaya ne suka karya shi. Bai faɗi a babur ba, bai yi karo da kowa a filin ƙwallo ba, bai kuma iya tuna ranar da ciwon ya fara ba. Ya ce lallaɓowa ya yi kamar ɓarawo.

Abu ɗaya kowa ya sani game da shi, ɗan ɗaga ƙarfe ne. Shekara uku yana zuwa wani kango a ƙarshen layinmu, inda samari suka yi rumfar langa-langa suka kafa benci. Kayan aikinsu na gida ne: kankare da aka zuba a bokitin fenti aka soka masa bututun ƙarfe, da tsofaffin faifan birki na mota da suka haɗa kuɗi suka sayo a Ƙofar Ruwa, da wani fasasshen madubi jingine da bango. Kullum bayan la'asar yana can, in ban da ranar Juma'a. Su kuma 'yan wajen ba abin da suke ƙauna irin ƙirji. Kowa burinsa ya kwanta rigingine a benci ya tura nauyin da ya fi na jiya.

Za ka ce ai magana ta ƙare, ƙarfe ne. Mu ma mun faɗa. Amma shi yana da amsa, kuma amsar tana da ƙarfi: in ƙarfe ne, me ya sa hagu lafiya lau, alhali tare suke ɗauka? Me ya sa yake naɗe ƙarfen ƙwanji har kilo 20 ba ya jin komai, amma cuɗa hammatar hagu da soso ya gagare shi?

Umma ta ce sanyi ne, tunda yana dawowa jiƙe da gumi ya sheƙa ruwan randa. Aka shiga dafa citta da kanumfari, ana mulke shi da man zafi dare da safe. Abokansa suka ce tsoka ce take buɗewa, kada ya kuskura ya tsaya, in ya tsaya jiki zai sace. Mai kemis ya ba shi dikulofenak, kuma lallai in ya sha yana samun sa'ida, sai ya tafi benci ya ƙara faifai. Wannan ne ya fi damuna da na gane daga baya. Maganin kashe zafi yake yi, ba ya ɗinke abin da ya lalace, ga shi in an daɗe ana sha yana iya ƙwaƙule ciki ya taɓa ƙoda. Wani ma har tiramol ya miƙo masa. Allah Ya taimake mu yaron yana tsoron ƙwaya, ya ƙi karɓa.

Da aka shiga Janairu barci ya fara gagararsa. In ya juya ya kwanta ta dama sai ya farka. Muka kai shi wajen wani dattijo mai ɗori wanda ya gaji sana'ar iyaye da kakanni. Ya zaunar da shi a tabarma, ya bi kafaɗar da yatsu tun daga wuya, a hankali, kamar mai laluben allura a rairayi. Ya matsa damtse, shiru. Ya matsa bayan kafaɗa, shiru. Da ya ɗora babban yatsansa a kan ɗan tudun nan na saman kafaɗa, inda ɗinkin riga yake zama, sai Auta ya zabura har hularsa ta faɗi.

Dattijon ya ce, "Yaro, ba karaya, ba gocewa. Amma ciwon nan a kan ƙashi yake, ba a nama ba."

Ya shafa masa man kaɗanya, ya yi masa tofi, ya ce a bar hannun ya huta. Mun riƙe "ba karaya, ba gocewa" muka taho da murna. Rabin maganar na ƙarshe, wanda shi ne zinariyar, a zauren muka bar shi.

Duk da haka na matsa aka yi hoton ƙashi a wani wajen ɗaukar hoto. Takarda ta fito: ƙashi lafiya, gaɓa a mazauninta. Daga ranar bakin kowa ya mutu. Har aka fara raɗe-raɗin ko baki ne ya kama shi, saboda yadda jikinsa ya murɗe mutane suna tankawa.

Sai azumi ya kama a ƙarshen Maris na 2023. Kafin a kai goma ta tsakiya ya daina dafe kafaɗa. A goman ƙarshe yana kwana ta dama har a tashe shi sahur. Ranar salla ya saɓa babbar riga da hannun daman nan ba ko yamutsa fuska. Kowa ya ɗauki nasararsa: Umma ta ce ai ga shi zafi ya shigo sanyi ya fita, ƙanwar mahaifinmu ta ce rubutun da ta aiko ne, abokai suka ce dama sun faɗa tsoka ce, ta gama buɗewa.

Mako uku bayan salla, tsakiyar watan Mayu, lokacin da garin Kano yake kamar tanda ko fanka ba ta maganinsa, ciwon ya dawo, har ya fi na da.

A nan maganar sanyi ta faɗi. Ni kuma na sami littafi na ce duk abin da ya yi ya ji zafi ya faɗa min, wanda ya yi bai ji ba shi ma ya faɗa. Cikin kwana goma shafi ya kasu biyu. Ɗaukar kaya hannu na rataye a gefe, jan guga daga rijiya, tuƙa babur, rubutu, duk ba komai. Jawo bel, cuɗa ɗaya kafaɗar, miƙa wa na hagunsa kofi da hannun dama, kwanciya ta dama, ɗora abu a can saman durowa, tura mota in ta mutu, duk da zafi. Na daɗe ina kallon shafin. Na ga dai ba nauyi ne abokin gabarsa ba, wajen da hannun ya nufa ne. Amma iyakar abin da na iya gani ke nan. Na tambaye shi me ya canza a cikin azumi, ya ce ba komai, illa dai bai je kango ba, saboda bayan la'asar yana wajen tafsiri, da dare kuma asham.

Da littafin nan muka je wajen likitan ƙashi a watan Yuni. Mutum ne mai furfura, ba ya gaggawa. Ya karanta shafin tsaf kafin ya taɓa yaron, ya ce, "Wa ya rubuta wannan? Ya rage min rabin aiki." Sannan ya fara fitar da waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana gaya mana dalili.

Da wuya ya fara. Ya sa shi ya sunkuyar da kai, ya ɗaga, ya karkata dama, ya ɗan danna masa ƙoƙon kai. Ya ce jijiyar da ta fito daga gaɓoɓin bayan wuya in ta matsu takan aiko da zafi kafaɗa, har da mutuwar yatsu ko jin kamar kiyashi na bin hannu. Auta ba shi da ko ɗaya. Ya tambayi nau'in ƙwayar halittar jininsa, muka ce AA. Ya ce dole ya tambaya, domin a ƙasar nan kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kuma mai cutar sikila jini kan yanke wa kan ƙashin cinya ko kan ƙashin damtse, ƙashin ya mutu a tsaye. Ya tambayi zazzaɓin dare, tari, rama, saboda tarin fuka yana kama ƙashi. Ya tambayi ko zafin yana zuwa bayan cin abu mai maiƙo, domin matsarmama takan tura ciwonta kafaɗar dama, kamar yadda zuciya take tura nata hagu. Duk babu. Ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Samari, kana yin allurar ƙara tsoka?" Ya rantse bai taɓa ba. Likita ya ce madalla, don ita tsoka take kumburawa ta bar jijiya a baya, ranar da aka ɗora nauyi sai jijiyar ta tsinke.

Saura babban wanda ake tuhuma. Ya ce ƙashin damtse kansa kamar ƙwallo yake, mazauninsa kuma a jikin allon kafaɗa ba rami ne mai zurfi ba, kamar a ɗora lemo a kan murfin kwalba ne. Abin da ke riƙe da shi wasu tsokoki ne guda huɗu da suka rungume shi ta gaba da sama da baya. Da yawa daga masu ɗaga ƙarfe da ke zuwa da ciwon kafaɗa, a nan matsalarsu take. Alamarta kuwa, in mutum yana ɗaga hannu ta gefe zai ji zafi a tsakiyar tafiya, daga digiri 60 zuwa 120, in ya wuce nan sai ya ji sauƙi. Ya ce Auta ya ɗaga. Hannu ya tashi, ya wuce daidai kafaɗa, ya ci gaba, fuskar yaro ba ta canza ba. Sai da damtse ya kusa taɓa kunne sannan ya cije leɓe. Likita ya gwada ƙarfin tsokokin huɗu, yana turawa Auta na turjewa. Ya yi murmushi ya ce, "Waɗannan sun fi nawa lafiya."

Sai ya koma kujera ya ce, "Nuna min ciwon."

Auta ya ɗaga yatsa ɗaya ya ɗora a kan ɗan tudun nan. Daidai inda dattijo mai ɗori ya danna wata biyar da suka wuce.

Likita ya ce mu lura, da yatsa ɗaya ya nuna. Mai ciwon tsokokin nan huɗu da tafin hannu yake nunawa, ya shafa gefen damtse ya ce nan ne, ko'ina ne. Ya tashi ya kama gwiwar hannun daman, ya ɗaga ta daidai ƙirji, ya tura ta a hankali wajen kafaɗar hagu. Ƙarar da Auta ya yi ita ce irin ta ranar bel. Na duba littafina, na ga yawancin abin da ke shafin zafi motsin nan ne a cikin riga daban-daban.

Wajen, in ji shi, wata 'yar ƙaramar gaɓa ce da yawancin mutane ba su san suna da ita ba. Ƙashin nan da ke kwance daga gindin maƙogwaro zuwa kafaɗa, wanda muke cewa ƙashin wuya, wanda ke fitowa fili in mutum ya rame, a nan bakinsa yake haɗuwa da wani ɗan reshe na allon kafaɗa. Faɗin mahaɗar bai wuce na farcen babban yatsa ba. Amma ƙashin wuyan shi kaɗai ne ƙashin da ya haɗa hannu da gangar jiki, don haka duk abin da hannu ya tura, ta wannan 'yar mahaɗa nauyin yake bi. In hannu ya ƙetara ƙirji, ko ya miƙe sama ƙarshe, ko an kwanta a kansa, bakin ƙasusuwan biyu suna matsuwa da juna. In hannu na rataye da jarka kuwa, ba matsi, shi ya sa ba zafi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, to ai an yi hoto an ce lafiya."

Ya ɗaga tsohon hoton ya kara a fitila. Ya nuna min inda gaɓar take, wajen ya yi duhu kamar tuwon da ya ƙone. Ya ce hoton ba ƙarya ya yi ba, tambayar da aka yi masa ya amsa. An saita hasken na'ura don ya ratsa babbar gaɓa mai kauri da nama, shi kuwa wannan siririn ƙashi hasken ya fi ƙarfinsa, ga kuma allon kafaɗa ya shiga bayansa. Akwai wata hanyar ɗauka da wani likitan hoto mai suna Zanca ya bayyana a 1971: a karkata na'urar sama da digiri 10 zuwa 15, a rage ƙarfin hasken. Ya rubuta a yi haka, kuma a yi kafaɗu biyun don a gwada.

Da hotunan suka fito ko ni da ban yi karatun likita ba na gani. A hagu, bakin ƙashin wuya yana da farin layi sumul, kamar an ja da alli. A dama layin ya ɓace. Bakin ya yi dishi-dishi da 'yan ramuka, kamar ƙyauren da gara ta fara ci, tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan kuma ta fi ta hagu faɗi.

Jikina ya yi sanyi. Na ce, "Likita, ba daji ba ne?"

Ya ce bai yi kama ba, amma ba zai rufe magana da baki ba. Akwai cututtukan da ke cin bakin ƙashin nan: ciwon gaɓoɓi mai kumburi, da ƙwayar cuta in ta shiga gaɓa, da wasu 'yan ƙananan halittu huɗu a wuya, bayan inda maƙoƙo ke fitowa, waɗanda in suka yi aiki fiye da kima suke kwashe sinadarin kalsiyam daga ƙashi, sai dai su sukan ci ɓangare biyun ne. Aka ɗebi jini. Bayan kwana biyu sakamako ya fito ba komai. Ranar ya yi gwajin ƙarshe, wanda har gobe ina mamakinsa. Ya ja 'yar allurar kashe zafi, irin wadda ake yi kafin ɗinki, ya zuba ta cikin gaɓar kanta. Muka zauna minti biyar. Ya ce, "Taɓa kafaɗarka ta hagu." Auta ya kai hannu a tsorace, ya taɓa, ya wuce har ya kamo bayansa. Ya dube ni idonsa ya ciko da ƙwalla. Wata bakwai rabonsa da wannan, in ka cire kwanakin salla.

Cutar sananniya ce, har ana yi mata laƙabi da kafaɗar mai ɗaga ƙarfe. A 1982 wani likitan ƙashi a Amurka, Bernard Cahill, ya wallafa bayanin maza 46 da bakin ƙashin wuyansu ya zaizaye ba tare da sun taɓa faɗuwa ko buguwa ba. Arba'in da biyar daga cikinsu masu ɗaga ƙarfe ne. Yadda abin yake, ƙashi ba dutse ba ne, rayayye ne. Kullum akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsoho da masu gina sabo. In aka kwanta a benci aka sauko da ƙarfe har ƙirji, gwiwar hannu ta zarce ƙasa da layin jiki, bakin ƙashin yana samun 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani. In an ba shi kwana biyu sai magina su cike. In aka dawo gobe da jibi da gata, wata da watanni, masu rushewa suna aiki magina ba su samun fili, sai bakin ya fara narkewa. Azumi ya ba magina wata guda, suka fara ɗaura gini. Bayan salla aka koma aka rushe.

Magani, in ji likita, mai arha ne amma mai ɗaci: a bar benci mako shida cur, sannan a dawo ya gani. Akwai allurar rage kumburi, amma sauƙinta na ɗan lokaci ne. In an yi watanni ba canji akwai tiyata, wadda aka san ta tun 1941 da sunan Mumford, a yanke ɗan bakin ƙashin, abin da bai kai santimita ɗaya ba, don ƙasusuwan su daina gugar juna. Auta da jin wuƙa ya ce ya bar benci.

Kuma ya bari. Ni shaida ne, don bayan la'asar a shagona yake zama. Amma mako shida suka cika, ciwo na nan daram. Likita ya yi shiru ya ce, "Ko dai na yi kuskure, ko dai akwai abin da ba a gaya min ba. Azumi ya warkar da kai cikin mako uku, me ya sa mako shida suka kasa?" Auta ya rantse ko bututun ƙarfe bai taɓa ba, kuma na san ba ƙarya yake ba. Muka dawo gida jiki a mace, an fara maganar kuɗin babban hoto da na tiyata.

'Yata ce ta warware mana, yarinya 'yar shekara huɗu. Wata safiya na fito na tarar da ita kife a tsakar gida, ta dafa ƙasa da hannu biyu tana ɗaga ƙugu tana saukewa, tana ƙirga, "Sha tara, ashirin, sha tara, ashirin." Na ce me ake yi haka? Ta ce, "Irin na Baffa." Ta ja ni soro ta nuna min turmi biyu da aka kife kusa da juna.

Ashe kullum in ya dawo sallar asuba sai ya yi firesof ɗari biyu, ƙirji har ƙasa. Sannan ya dafa turamen nan, ya naɗe ƙafa, ya riƙa nitsewa tsakaninsu yana tasowa, sau hamsin. Da aka hana shi benci sai ya ninka, don kada ƙirjin da ya yi shekara uku yana ginawa ya zube. Na ce me ya sa bai faɗa ba? Ya ce, "Yaya, ƙarfe aka hana ni. Wannan ai jikina ne kawai." A cikin azumi fa? Ya ce a azumi in ya yi sahur ya yi salla barci yake komawa.

Ban yi masa faɗa ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsa. Kilo 82 gare shi. Nitso tsakanin turmi yana ɗora kusan duk nauyin nan a kan gaɓoɓin kafaɗu biyu da kowacce ba ta wuce farce ba, kuma gwiwar hannu tana komawa baya fiye ma da yadda take yi a benci. Gaɓar ba ta san bambancin kankare da naman mai ita ba.

Tambaya ɗaya ta rage, wadda ya fara kare kansa da ita: me ya sa dama kaɗai? Likita ya ce sau da yawa cutar takan kama biyun, wani lokaci kuma hannun da aka fi mora take fara ci. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Na je kangon da kaina, na roƙi yaran muka ɗora ƙarfen bencin a kura muka kai wajen 'yan gwangwan masu sikeli. Aka zare kankaren aka auna ɗai-ɗai. Guda kilo 31, ɗayan 35 da rabi. Ranaku daban aka zuba su, da kwaɓi daban. Bencin kuwa a jikin bango yake, kullum fuska ɗaya ake kwanciya, kuma mai nauyin, wanda ke da ragowar shuɗin fenti, shi ne a dama. Na auna inda suke kamawa da tef ɗin tela, inda hannu ya goge bututun har yana ƙyalli: santimita 88. Faɗin kafaɗun Auta 41 ne. Yaran nan sun yi shekaru suna cewa "saba'in" suke ɗagawa, ba wanda ya taɓa aunawa.

Likitar gashin ƙashi da aka tura mu wajenta ita ta karɓi ragowar aikin. Ta ce ba za ta raba shi da ƙarfe ba, don ta san in ta ce ya bari har abada zai koma a ɓoye. Mako takwas na farko ba turi kowane iri, ba benci, ba firesof, ba turmi. Ta ba shi aikin ja: ya ɗaura robar tayar keke a ƙarfen taga, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, yana buɗe hannu waje a hankali, sannan yana jawo robar zuwa ciki yana haɗe allunan kafaɗa ta baya. Ta ce shekara uku yana gina gaba ya bar baya kango, shi ya sa kafaɗunsa suka ranƙwafo. Ƙafa da ciki kuwa ta ce ya yi iya son ransa.

Kwanakin nan sun yi masa tsawo. Riga ta fara yi masa yawa, abokai suna tsokanarsa wai ya koma wasan roba kamar yaro. Akwai daren da na same shi zaune a soro yana kallon turamen nan. Na zauna kusa da shi ban ce komai ba, har ya tashi ya mirgina su ya mayar wa Umma madafa.

A mako na biyar ya kwana ta dama. A na takwas likitar ta tura gwiwar hannunsa ta ƙetara ƙirji, ya ce sai dai ɗan tsami. Sannan ta buɗe masa turi da sharuɗɗa. Ya fara da tura bango a tsaye. Bayan mako biyu ya kwanta a ƙasa, ba a benci ba, da ƙananan ƙarafa, don daɓe ya tare gwiwar hannu kada ta zarce. Da ya koma benci a wata na biyar, ta ce faɗin kamu kada ya wuce faɗin kafaɗa ɗaya da rabi, wato shi santimita 61, muka naɗa baƙin salatif a wajen. Ya ninke tawul ya ɗora a ƙirji, kaurin yatsu uku, ƙarfe ya tsaya a kan tawul. Ƙirji sau biyu a mako, ba shida ba, kuma duk turi ɗaya a biya shi da ja biyu. Nitso da sauke ƙarfe ta bayan ƙeya ta soke su gaba ɗaya. Awon da ta ba shi mai sauƙi ne: in ya tashi da safe ya ji tudun nan yana magana, jiya ya wuce gona da iri, ya koma nauyin makon baya.

Sau biyu ya koma baya kafin abin ya zauna. A watan Maris na 2024, ana gab da kama wani azumin, aka sake hoton. Farin layin ya fara dawowa a bakin ƙashin, ramukan sun ragu. Ba a yi tiyata ba. Yanzu kilo 60 yake turawa, awon sikeli, talatin a kowane gefe.

Masu kula da wuraren ɗaga ƙarfe na unguwa, don Allah ku kai kankarenku a auna, ku rubuta nauyin kowanne a jikinsa da fenti, ku juya bencin lokaci-lokaci. Kai kuma ɗan'uwa mai ɗagawa, in kana da ciwon da za ka iya nunawa da yatsa ɗaya a saman kafaɗa, ya kai wata guda, yana tashinka in ka kwanta a kansa, ajiye ƙwayar kemis ka nemi likitan ƙashi. In a Kano kake, Asibitin Ƙashi na Dala yana nan. Ka gaya masa kana ɗaga ƙarfe, ka gaya masa sau nawa a mako, kuma ka haɗa har da abin da kake yi a soro bayan sallar asuba.